Noben da Baba Ya Dasa

Ƙanena ya cuce ni. Uwarmu ɗaya, nono ɗaya muka sha, amma tun ƙasar kabarin Baba ba ta gama kwantawa ba ya ɗauki garma ya je ya tuge noben da ke iyakar gonata, ya ja kunyoyinshi suka ratsa ta cikin nawa, gona biyu ta koma ɗaya. Da wannan na fara don kada mai karatu ya zaci mai sanyin zuciya ne ya rubuta takardar nan. Ba da sanyin zuciya na rubuta ta ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Ban sauke ba, noma ya raba ni da allo tun gemu bai fito mani ba. Wanda ya ga baƙi ya karkace, ya gyara a ranshi ya wuce. Abin da ya sa na nemi tawada da alƙalami shi ne an binne mutum a Ƙarfi, kuma na ga irin saurin mantuwar mutanen garin nan. Hakin noben da ya yi shekara da shekaru yana reno ya ɓace a safiya guda, ba wanda ya ce uffan. To sunanshi fa, kwana nawa zai yi a bakinsu?

Mutumin mijin innata ne. Ba shi ya haife ni ba, agola nake a gidanshi. Baba nake ce mashi yana raye, haka zan kira shi a nan. Allah ya yalwata mashi inda yake kwance, ya yafe mashi abin da ya yi da sani da wanda ya yi ba da sani ba, har da wanda ya yi mani, don akwai shi.

Ranar da aka kai shi zaure bai ɗauki mutane ba, sai da aka baza tabarmi har gindin tsamiya. Wata tsohuwa ta tako da ƙafa tun daga Dayi. Aka nuna mata hanyar cikin gida wurin mata, ta ce ba ta shiga sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta tsaya a ƙofar zaure tana riƙe da ƙugu ta ce, "Duk jegon da na yi a duniya da hakin bawan Allahn nan aka dafa mani ruwan wanka. In na kawo mashi ɗan goro sai ya ce in kai wa uban jaririn, shi ya sha wahala." Maza suka sunkuyar da kai suna ɓoye murmushi.

Liman ya ce, "Tun ina sabon limami yake bina salla. Ban taɓa jin ya ce karatuna ya yi daɗi ba. Amma ranar da na tsallake aya, shi ne farkon gyaran murya."

Can gefe wani tsohon Bafillace, abokin faɗan Baba, yana tsugune da sandarshi a tsakanin gwiwoyi. Yana nan har aka shafa fatiha. Da zai tashi ya dubi ƙasa ya ce, "To yanzu wa zan zaga?" Aka yi dariya, dariyar ta mutu da kanta, ya share ido da gefen rawani ya kama hanya.

Ina zaune kusa da ƙanena ina kallon yadda gaisuwa ke tafiya. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa gabanshi: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinka." In ya gama ya miƙe, sai ya waiwayo ni: "Kai ma sannu." Ni na girme shi. Ni na shiga ramin na karɓi Baba na juya fuskarshi gabas. Amma tun a tabarmar nan gari ya riga ya raba mu, ɗa daban, agola daban. Ban ji haushin ƙanena ba ran nan. Kuka yake yi na gaskiya, har na dafa mashi kafaɗa.

Baba mutumin arewa ne, can wajen Damargu. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, yana kora jakuna a ayarin kanwa. Kurkunu ya kama mashi ƙafa a Ƙarfi, ayari ya jira abin da zai iya jira ya wuce ya bar shi a zauren wani masaƙi. Da ya warke bai bi su ba. Da ayarin ya sake biyowa wata shekara, madugu ya tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gida. Ya ce ba shi da saƙo, amma in za su dawo a zo mashi da nobe, da saiwarshi da ƙasarshi. Madugu ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, ya zo mashi da shi a cikin tsohuwar salka.

Don wanda bai san nobe ba: haki ne gajere, da ƙyar yake wuce gwiwa. Ba ya yaɗo. Yana fitowa a dunƙule, tushe nan tushe can, kamar an ɗaure tsintsiya an kafa ta a ƙasa. Ganyenshi siriri ne, in rani ya yi sai ya nannaɗe ya yi ja-ja ka ce ya mutu, ruwan farko na sauka ya sake tsatso daga tsakiyar tushen. In ka murza shi a tafin hannu ƙamshinshi yana wuni bai bar ka ba. Ana dafa shi don ciwon ciki, ana sa wa masu jego a ruwan wanka. A ƙasarmu ba ya fitowa da kanshi, nan ƙasar gamba ce da ƙyasuwa.

Da aka kawo mashi, maƙwabta suka taru suna ba da shawara, don ba abin da manomin ƙasar nan ya fi so kamar ya koya wa baƙo noma. Suka ce abu mai daraja haka ai sai bakin fadama, inda ƙasa ke da maiƙo. Baba ya ji kunyarsu ya kai rabi can. Marka na zuwa saiwar ta ruɓe, ya tuge ya ji tana wari. Sauran rabin da ya kafa a kan fako, cikin tsakuwa, inda ko akuya ba ta tsayawa, shi ya kama. Ya ce wa Inna daga baya, da irin harshenshi na arewa da bai taɓa saki ba, "Hakin ga ba ya son alheri da yawa. Mu biyu ke nan."

Ubana na jini mahayan Maraɗi suka kama a gona ina ƙarami, ba a sake jin labarinshi ba. Inna ta jira har aka yanke mata hukuncin ta yi aure. Ina shekarun famfara muka shigo gidan Baba, ina riƙe da gefen zanenta. Bai yi mani wasa ba, bai ba ni komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ka iya ba jaki ruwa?" Na ce na iya. Ya ce, "To tahi."

Haka yake. In ka ce mashi, "Baba, ina gajiya?" ba ya cewa babu. Sai ya ce, "Tana nan." In damina ta yi jinkiri mutane suka fara kuka da fari, sai ya dube su ɗai-ɗai ya ce, "Ku ba ku san hwari ba," ya ci gaba da saƙar igiyarshi. Ba ya cin abinci a gidan kowa, ko gidan suna ne. Kullum da safe sai an jefa mashi ganyen nobe a kunu. In ya isa gona, kafin ya ɗaga hauya sai ya tsinki ganye ɗaya ya murza, ya rufe hanci da tafin hannu biyu, ya tsaya shiru. Na taɓa tambayarshi abin da yake tunawa. Ya ce, "Ina tuna ba ka fara aiki ba."

Wata damina, ƙanena yana goye a bayan Inna, aka buga gangar hari. Kowa ya yar da abin da ke hannunshi ya nufi ganuwa. Ni ina can fako ina kiwon jakin Baba, jaki ɗaya tal da yake da shi, wanda da shi yake kai kaya kasuwar Musawa. Na ji gangar, amma jakin ya ƙi tafiya, ni kuma na ji tsoron in koma gida ba shi. Inna ta ba ni labari daga baya. An fara tura ƙyaure Baba ya kutsa zai fita, mai tsaron ƙofa ya riƙe mashi riga ya ce, "Ina za ka? Naka na ciki, ga shi can a bayan uwarshi." Baba ya fizge ya ce, "Guda na waje."

Ya same ni ina jan igiya ina kuka. Ya ƙwace igiyar ya yar, ya saɓa ni a kafaɗa, ya yi ta gudu da ƙafar nan tashi da kurkunu ya bari da ɗingishi. Ta kan ganuwa aka jawo mu da igiya, don an riga an rufe ƙofa. Mahayan da suka kawo harin suka tafi da jakin. Da muka sauka ya sakar mani ranƙwashi har sai da na ga wuta, ya ce, "Gobe in ka ji ganga ka tsaya gaida jaki." Shi ke nan. Bai sake ambatar jakin ba sai ranar da zai cika. Inna ce ta yi shekaru tana ambatarshi duk ranar kasuwa, in ta ga Baba ya ɗora kaya a ka.

Faɗanshi da Bafillacen nan kuwa na kowace kaka ne. In an kwashe amfani sai Bafillace ya kawo shanunshi su kwana a gonar Baba su ci kara su bar taki. Kowace shekara sai shanu sun tattake nobe, kowace shekara sai an yi.

"Kai, mai sanda, shanunka sun shiga hakina."

"Shanuna ba sa cin wannan abin. Ko akuya sai ta toshe hanci."

"To mi ya kai su?"

"Sun je gaishe ka ne. Sun ji an ce ba mai gaishe ka."

Baba ya ɗauki gatari ya tafi saro ƙaya yana zage-zage, Bafillace ya bi shi yana taya shi ja. In sun gama shinge su zauna a inuwa da ƙwaryar fura ɗaya, kowa na cewa ɗan'uwanshi ya fi shan da yawa. Furar nan ce kaɗai abin wani da na taɓa gani ya shiga bakin Baba.

Yanzu in zo ga maganar gona, don ita ce ciwon.

A gandun Baba na girma, a gandunshi na yi ƙarfi. Kowa ya san yadda gandu yake: ku noma wa maigida da safe, shi ya ciyar da ku, ya yanka wa kowane namiji 'yar gayauna da zai taɓa wa kanshi da yamma. Gayauna ba taka ba ce. Ranar da maigida ya faɗi ta koma cikin gado, agola kuwa ba ya gado. Tawa gayaunar a sama take, jikin fako, inda ba wanda ya so. Na tsince tsakuwarta da hannuna na tara a gefe. Na yi ta jido taki da toka daga bayan gari ina zubawa. Shekarun farko gero ya fito kamar gashin tsoho. Ban bari ba. A hankali ƙasar ta yi baƙi, ta karɓi dawa, daga baya har auduga ta karɓa.

Shekarar da aka haifa mani ɗan fari, an kwana ana ruwa, da safe Baba ya kira mu, ni da ƙanena, wanda lokacin ya zama saurayi. Ya kai mu wurin tsofaffin tushen nobe ya sa hauya ya rarraba su. Ƙanena ya ɗauko a kwando, ni ina sara rami, Baba yana kafawa yana dannewa da diddige. Muka ja layi tun daga bakin hanya har gindin dutse, tsakanin gayaunata da gandu. Da muka gama ya goge hannu a riga ya dubi ƙanena, ba ni ba, ya ce, "Daga hakin ga zuwa dutsi na yayanka ne. Ba gayauna ba ce yanzu. Tashi ce, shi da ɗiyanshi. Ka jiya?"

Ƙanena ya ce, "Na ji, Baba."

Mu uku ne a wurin. Ba na huɗu sai Allah.

Da yamma na same shi a zaure na yi godiya, sannan na ce, "Baba, da an kira liman da mai unguwa sun gani."

"Su ga mi?"

"Su ji abin da ka faɗa. Saboda gaba."

Ya ajiye igiyar da yake saƙa. Ya ce a garinsu ba a kiran kowa. In uba ya kafa nobe tsakanin gona da gona magana ta ƙare, don hakin ba ya tafiya, ba ya mutuwa, ba a saye shi da goro. Wanda ya tuge hakin iyaka kuwa ba a ba shi mata, ba a sa hannu a akushi ɗaya da shi, in ya mutu 'yan'uwanshi kaɗai ke ɗaukarshi.

Na ce, "Baba, nan ba garinku ba ne."

Na ga maganar ta shige shi. Mutumin da ya yi aure a Ƙarfi, ya haihu a Ƙarfi, gemunshi ya yi fari a Ƙarfi, yaron da ya saɓa a kafaɗa ya tuna mashi baƙo ne. Ya ce, "Wato kana cewa ɓarawo na haihwa." Na ce ban ce ba. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar bai sake amsa gaisuwata ba har aka yi girbi. Ina durƙusawa, yana kallon bango. Inna ta yi ta kai da kawowa, a ƙarshe ta ce mani, "Don girman Allah ka bar maganar nan, ka ga mutumin ba ya cin tuwo." Na bari. Bayan rasuwar Inna na sake taɓa maganar sau ɗaya, a hankali, ina gyara mashi jinka. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Waɗanda kake so in kira duk za su riga hakin ga mutuwa."

Mai unguwar ya riga shi kuwa, a nan ya yi gaskiya. Amma ina jin haushin Baba, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ya san haki, ya san ƙasa, ya san jaki, ya san hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. Bai san garin da ya zauna ba, bai san ɗan da ya haifa ba. Taku kaɗan ne daga zaurenshi zuwa gidan liman. Girman kai ya hana shi yin su, ni da 'ya'yana muke biya.

Ƙanena kuma ba zan ce shaiɗan ba ne. Na goya shi, na koya mashi riƙon fartanya. Gidanshi ya cika da baki, gandu ya gaji, ƙasarshi ta yi fari, masaƙan Maska kuma suna neman auduga ido rufe. Kullum in ya ɗaga kai daga kunyarshi sai ya ga tawa audugar a sama ta fi tashi. Na sha ganin yana kallo. Na ɗauka kallo ne kawai.

Baba ya kwanta a bazara, ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Ko kunun noben ya daina karɓa. Ranar da zai cika, da rana tsaka, muna zaune ni da ƙanena muna mashi fifita, ya buɗe ido. Na matsa kusa, raina yana cewa ko yanzu zai faɗa a gaban matan gida. Ya ce, "An ba jakin ga ruwa?" Ƙanena ya ce an ba shi. Aka kira liman, Baba ya yi kalmar shahada liman na tusa mashi, ya tafi kafin la'asar.

Bayan sadakar bakwai ruwan shuka ya sauka. Na ɗauki sungumi, matata na biye da ƙwaryar iri. Tun kafin mu hango gonar ƙamshi ya tare mu a hanya, ƙamshin nobe mai yawa, irin wanda ban taɓa ji ba, kamar an zubar da shi a ƙasa. Matata ta tsaya ta dube ni. Da muka hau tudu muka ga an tuge layin kaf, an tara tushen a gefe saiwa na kallon rana. Ƙanena da manyan 'ya'yanshi suna huɗa, kunyoyinsu sun riga sun kai rabin gonata.

Na ce, "Mene ne haka?"

Bai bar garma ba. Ya ce, "Gyara nake, Yaya. Hakin nan yana cin wuri."

"Iyakata ce."

"Iyaka a cikin gandu? Magani ne Baba ya shuka, mai maganin kuma ya tafi."

"Kai ka ɗauko shi a kwando."

Ya ce, "Na ɗauko abubuwa da yawa a kwando." 'Ya'yanshi suka yi kamar ba su ji ba. Da ba don matata ta riƙe ƙotar sungumin ba, da wata takardar ake rubutawa yau, ba wannan ba.

Na kai ƙara wurin mai gari. Ya tara mu a zaurenshi, liman na gefe. Aka tambayi dattawa ko sun san da nobe a wurin. Kowa ya ce ya sani, wa bai sani ba? Aka ce don me aka dasa shi? Nan mutanen da suka cika tabarmi suna yabon Baba suka kashe ni da yabon nasu. Wannan ya ce don ciwon ciki ne, shi ma ya sha ya warke. Wancan ya ce don masu jego ne, a tambayi matan gari. Wani ya ce kewar gida ce kawai irin ta baƙo. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A ƙasar nan da gamba ake iyaka ko da kututture, ba wanda ya taɓa jin an yi da hakin magani.

Na aika aka nemo Bafillace. Ya zo ya tsuguna ya ce, "Ranka ya daɗe, na san ya hana shanuna tsallake hakin, na san ya zage ni a kanshi fiye da yadda uwata ta zage ni. Abin da ya sa, bai gaya mani ba. Mutumin nan ba ya gaya wa kowa komai." Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, "Da na sani da na faɗa. Ba zan faɗi abin da ban ji ba." Ban ga laifinshi ba.

Liman ya yi bayani, ba ya kallon idona. Ya ce noman da na yi shekaru ba hujja ba ne, don kowane ɗan gandu yana noma gayauna. Kyauta sai da shaidu biyu. In babu, wanda ya musa shi ke rantsuwa. In ya rantse gona ta shiga gado. In ya kasa, rantsuwa ta dawo kaina, in rantse in ɗauki abina. Mai gari ya dubi ƙanena ya ce, "Za ka dafa Alƙur'ani ka ce ba ka taɓa jin mahaifinka ya ba yayanka gonar nan ba?"

Ya ce, "Zan dafa."

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar.

Kwanakin nan ban shuka ko ƙwaya ba, kowa na shuka. Rumbuna ya kusa ƙasa, ga yara. Matata ta ce, "Ba zai iya ba. Baki ne. In ya ga Littafin a gabanshi gwiwarshi za ta sage, ka dai tsaya ka yi shiru." Na ce in ya iya fa? Ta ce, "In ya iya, shi da Mai Littafin." Duk mun san mutumin Musawa da ya rantse a kan tunkiyar da ba tashi ba, mun ga yadda yatsunshi suka ƙare. Ta faɗi haka tana tankaɗe, ko a jikinta. Ita ba ta goya shi ba.

Ranar Juma'a mutane suka ƙi watsewa bayan salla. Ƙanena ya sake alwala a gaban kowa, ruwa na ɗiga daga gemunshi. Liman ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka, ya ɗora a kan buzu, ya ce mashi, "Ka san abin da ke cikin nan. Ba a tilasta maka ba." Ya ba shi lokaci. Ƙanena ya durƙusa. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama, ya sake matsawa.

Har yau matata na cewa da na ƙara yin shiru kaɗan da ya janye, da yanzu muna cin dawar gonarmu. Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, wannan ma yana cikin abin da ke cina. Ni dai abin da na gani shi ne yatsunshi sun kusa taɓa fatar gafakar, gajeru masu faɗin farce, yatsun Baba sak. Na tashi na kama wuyan hannun na ɗaga shi sama. Liman ya ce, "Malam, lafiya?" Ban kula shi ba. Na dubi ƙanena ido cikin ido na ce mashi:

"Sauke hannunka. Na bar maka gonar, duk wanda ke nan ya ji. Ba don ina shakkar abin da aka faɗa a bakin fakon nan ba, ni na ji, kai ma ka ji, har ka amsa. Na bar maka ne don ba zan tsaya ina kallo ɗan tsohon nan ya ci Littafi a kan tsakuwa ba. Je ka noma, ka ci, ka ba 'ya'yanka. Gobe zan kwashi iyalina mu koma Dayi wurin surukaina, in ari gona da furfurata kamar wanda ya zo jiya. Saura magana ɗaya, ka riƙe ta. In ka riga ni, zan zo in wanke ka da hannuna, don uwarmu ɗaya. In na riga ka, kada ka zo. Zan bar wa 'ya'yana wasiyya su tare ka a ƙofa."